Tsokaci, sharhi ko jawabi: awon wani shagon fassara da buga takardu a Jos

Shagon ɗaki biyu ne a saman bene, a ɗaya daga cikin layukan da ke tsakanin Taminus da titin Bauchi, inda masu buga takardu suka yi yawa har ƙarar janaretocinsu ta zama ɗaya. Ɗakin gaba na kwamfutoci uku ne da firinta mai launi da injin yanka takarda. Ɗakin ciki kuwa tebur ɗaya ne, na malamin da ke yin fassara. Ayyukan da suka fi karɓa su ne takardar tsarin taro, katin gayyata, katin sakamakon jarrabawa na makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, fom-fom na ƙungiyoyi, da rahoton zaman kwamiti da ake so a mayar da shi Hausa.

Hanya mafi sauƙi ta auna irin wannan shago ita ce a duba yadda yake yi da kalmar Turanci guda ɗaya, remark, da jam'inta remarks. Kusan babu takardar da ake kawowa da ba ta ɗauke da ita. Tana kan tsarin taro sau uku ko huɗu, tana ƙasan katin sakamako, tana saman gurbin ƙarshe na kowace rajista, tana cikin rahoton zama a matsayin aikatau. A Hausa kuwa babu kalma ɗaya da ke ɗaukar duk waɗannan kayan. Mai fassarar da ya zaɓi guda ya yi ta liƙa ta ko'ina, ka san ƙamus ya buɗe bai karanta takardar ba.

Kalmar ta shiga Turanci daga Faransanci a ƙarni na 17, daga aikatau remarquer, wanda tushensa sanya alama ne a kan abu, daga nan ya zama lura da abu. Ma'anar faɗin abin da aka lura da shi ta biyo baya. Wannan tarihin yana da amfani a aikace, domin ma'anar lura ba ta mutu ba: ita ce ke zaune a gurbin ƙarshe na rajista, inda ba a neman ra'ayin kowa, ana neman a rubuta abin da aka gani ne kawai, kamar kaya sun iso a fashe ko ɗalibi ya zo a makare. Shagon nan yana sa wa wannan gurbi "Ƙarin bayani", wani lokaci "Abin lura". Duka biyu daidai ne, kuma na farkon ya fi zama a fom ɗin da talakawa za su cike da hannunsu.

Abin da ya fi kyau a aikinsu shi ne malamin ba ya fara rubutu sai ya yi tambaya. Yakan ce, "Alhaji, wa zai yi wannan maganar, kuma minti nawa kuka ba shi?" ko "Hajiya, wannan katin iyaye ne za su karanta ko malamai?" Tambayar kamar ba ta da nauyi, amma ita ce ke raba kalmomin. Idan mutum zai tashi tsaye, a miƙa masa makirfo, ya yi sallama ya jero manyan baƙi, wannan jawabi ne ko da minti biyu ne. Don haka a tsarin taro suna rubuta "Jawabin buɗe taro", "Jawabin shugaban taro", "Jawabin uban taro", "Jawabin godiya", "Jawabin rufe taro". Inda masu taron suka nace cewa kada a tsawaita, sai su sa "Taƙaitaccen jawabi", wanda ke zama ladabtaccen gargaɗi ga mai maganar kansa. Wasu shagunan na rubuta "Tsokacin buɗe taro", wanda Bahaushe ba ya faɗa. Tsokaci yana bukatar abin da za a yi shi a kansa: ana yin tsokaci a kan magana, a kan lamari, a kan abin da ya riga ya gabata. Wanda zai buɗe taro bai da abin da zai yi wa tsokaci tukuna.

Jawabi kalmar aro ce daga Larabci, jawab, kuma a can ma'anarta amsa. Almajiran ilimi sun san ta da wannan ma'ana a karatu, inda ake cewa tambaya da jawabinta. A bakin jama'a ta sauya wuri ta zama maganar da ake yi a gaban taro, amsa kuwa ta riƙe nata gurbin. Mafi yawan 'yan uwanta ma daga Larabci suke, kuma duk sun bi hanya ɗaya wajen shigowa. Kalmar Hausa ba ta son ƙarewa da baƙi, sai aka ɗora musu wasalin i a ƙarshe: jawab ya zama jawabi, bayan ya zama bayani, sharh ya zama sharhi, lafz ya zama lafazi har da ƙarin wasali a tsakiya don a raba baƙaƙen da suka haɗu.

Sharhi ita ce kalmar da aka fi zalunta a takardun da ake bugawa a garin nan, kuma a nan ne malamin shagon ya fi nuna ya san abin da yake yi. Tushen kalmar a Larabci buɗewa ne da yalwatawa, tushen da ke cikin "alam nashrah" na sura ta 94. A al'adar karatun zaure akwai matani, wato gundarin littafi, sai sharhi da ke buɗe shi jimla-jimla, sai hashiya da ake rubutawa a gefen sharhin. Fathul Bari na Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, sharhi ne na Sahihul Bukhari, kuma ya ninka abin da yake yi wa sharhin girma. To abin da ya zo da wannan nauyi ba ya dacewa da layi ɗaya da malamin aji zai rubuta a ƙasan kati. Rediyo da jarida sun faɗaɗa kalmar, aka samu sharhin bayan labarai, sharhin jaridu, mai sharhin wasanni, mai sharhi kan al'amuran yau da kullum, amma ko a nan ɗin ba ta rabu da tsawo da bin diddigi ba. Shagon yana ajiye sharhi don wuri biyu: taron ƙaddamar da littafi, inda ake da "Mai sharhin littafi", da rahoton da kwamiti ya zauna ya tattauna sakin layi bayan sakin layi. Wannan daidai ne, kuma ko don shi kaɗai sun cancanci yabo.

Sai ta'aliƙi. Ita ma Larabci ce, daga tushen da ke nufin ratayawa, wato gajeriyar magana da ake rataya wa wata maganar. A majalisin wa'azi ko lacca, bayan mai gabatarwa ya gama, akan ba wani babban malami dama ya yi ta'aliƙi: ya ƙarfafa wani wuri, ya gyara wani, ya cike giɓi. A tsarin taron Islamiyya ko walimar saukar Alƙur'ani babu kalmar da ta kai ta dacewa. Amma Jos gari ne da Hausa ke da masu ita iri biyu. A nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, a nan kuma hedikwatar majami'ar COCIN da ta ECWA suke, kuma tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ana wa'azi da ita a majami'u tsakanin ƙabilun Birom da Afizare da Anaguta da Angas da Tarok. Takardar da za a raba a majami'a a Bukuru ko Tudun Wada, idan aka sa mata ta'aliƙi, rabin masu riƙe da ita za su tsaya cak. Malamin yana kiyaye wannan. Ga abokan cinikinsa na majami'u yana amfani da jawabi, taƙaitaccen jawabi, bayani da sanarwa, ba ya cusa musu kalmomin zaure don ya nuna karatu. Ba kowane mai fassara ne ke iya danne wannan sha'awar ba.

Tsokaci kuwa ta gida ce, ba a aro ta ba, kamar furuci. Furuci daga furta ta fito, harafin t ya koma c a gaban i, irin sauyin da ke tsakanin mota da motoci. Furuci yana kallon fitar magana daga baki da alhakin da ke biye da ita, shi ya sa ake cewa ya janye furucinsa, ko an kama shi da furucinsa. Tsokaci yana kallon gajartar maganar da abin da ta taɓo. A katin sakamako shagon yana rubuta "Tsokacin malamin aji" da "Tsokacin shugaban makaranta". Ana iya jayayya a kan wannan. Iyayen da ba su saba da Hausar rediyo ba sun fi gane "Bayanin malamin aji", kuma idan mai makaranta ya nemi haka suna canzawa ba gardama. Abin da ba sa yarda da shi shi ne "Ra'ayin malami", kuma suna da hujja: ra'ayi daga kalmar gani ta Larabci yake, gani na mutum ɗaya wanda wani zai iya saɓa masa, alhali abin da malami ya rubuta a kati hukuncin makaranta ne da aka buga wa hatimi. (Mai buga rubutu ya kula, haruffa biyu ne kawai tsakanin tsokaci da tsokana, kuma ba shugaban makarantar da zai so a ce ya tsokani ɗalibi a rubuce.)

Inda aikin ya fara rauni shi ne rahoton zaman kwamiti. A irin wannan takarda kalmar takan zo a matsayin aikatau sau goma ko fiye a shafi uku, kuma a nan shagon yakan gaji ya koma "ya yi tsokaci cewa" daga farko har ƙarshe. Ginin jimlar ma ba na Hausa ba ne, domin ana yin tsokaci a kan abu ne, ba a yin tsokaci cewa. Mafi yawan wuraren "ya ce" ya wadatar. Inda mai maganar ya nuna wani abu da aka manta, "ya yi nuni da cewa" ko "ya jawo hankalin mahalarta ga". Inda aka zagaya kowa ya faɗi nasa, "mambobi suka tofa albarkacin bakinsu". Dalilin raunin a fili yake: malamin yana fassara tsarin taro da kati da hannunsa, amma doguwar takarda yakan ba yaran shagon su fara, shi ya bi ta sama-sama. Yaran kuwa da manhajar fassara ta waya suke farawa. Alamarta ba ta ɓuya, za ka ga kalma ɗaya ta maimaitu a duk inda Turancin ya maimaita ta, jimlolin kuma sun bi jerin Turanci sawu da ƙafa.

Haka nan ba su da tabbas idan maganar da ake fassarawa mai zafi ce, kamar a takardar ƙorafi ko ta sasanci tsakanin 'yan ƙungiya. Hausa ta wadata a nan fiye da yadda suke amfani da ita. Akwai baƙar magana, wadda ake faɗa wa mutum a fuskarsa. Akwai habaici da gugar zana da shaguɓe, waɗanda ake jefawa a kaikaice ba a kama suna ba. Akwai gatse, inda ake faɗin kishiyar abin da ake nufi. Akwai katoɓara, maganar da babba ya saki ba tare da ya auna ba, da suɓul da baka, wadda mai ita bai yi niyya ba sam. Shagon yakan tattara duk waɗannan ya kira su "kalaman ɓatanci". A takardar sasanci wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Wanda aka rubuta cewa ya yi suɓul da baka zai sa hannu a tafi, wanda aka rubuta cewa ya yi kalaman ɓatanci zai ce a sake zama. Duk mai kai irin wannan aiki ya zauna da malamin da kansa, ya faɗa masa yadda abin ya faru, kada ya ajiye takarda ya tafi.

Tsarin karɓar aikinsu haka yake. Ana kawo rubutun a takarda, ko a filashi, ko a tura ta WhatsApp. Kuɗin fassara daban, na tsarawa a kwamfuta daban, na gurzawa daban, kuma fassarar da shafi ake lissafa ta ba da yawan kalmomi ba, don haka wanda ya kawo shafi mai layi shida ya biya daidai da wanda ya kawo cikakke. Ana ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Tsarin taro mai shafi ɗaya ko biyu yakan fito a yini guda, rahoto mai shafi goma yakan kai kwana uku. Bayan fassara sai a tsara a manhajar CorelDraw, a fitar da kwafi ɗaya na gwaji, mai aiki ya duba ya amince, sannan a gurza. Kwafin da bai kai ɗari biyu ba a firintar shagon ake fitar da shi. Abin da ya haura haka suna kai shi maɗaba'ar da ke da babban inji, kuma a nan ne ake samun jinkirin da ba sa faɗa tun farko, domin sai an yi farantin da injin ke bugawa da shi an kuma bi layi.

Wajen takarda ba su da ha'inci. Cikin littafin taro suna amfani da farar takarda mai giram 80, wadda rim ɗinta falle 500 ne, bango kuma kati mai giram 250 ko 300. Fallen A4 ɗaya idan aka naɗe shi biyu yana ba da shafi huɗu na A5, saboda haka littafin da za a ɗinke a tsakiya dole shafukansa su zama 4, 8, 12 ko 16. Wanda ya kawo abin da ya cika shafi tara zai biya kuɗin 12, ko ya yarda a matse rubutun ya koma takwas. Matsewar ce ke jawo matsala, domin Hausa ta fi Turanci cin wuri a irin waɗannan layuka. Abin da Turanci ya faɗa da kalma biyu, Hausa ta ce "Jawabin buɗe taro", ga kuma sunan mai jawabin da sarautarsa da muƙaminsa a layi ɗaya. Mai tsarawa yakan rage girman haruffa zuwa lamba 8 ko 9 don komai ya shiga, dattawan da ke layin gaba kuma su kasa karantawa. Kada a yarda a sauka ƙasa da lamba 11. Gara a ƙara falle.

Babban aibin shagon shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Malamin yana rubuta su daidai, amma suna ɓacewa tsakanin teburinsa da firinta, ta hanya biyu. Ta farko, mai tsarawa yana son salon haruffa masu ado a kanun takarda, kuma yawancin waɗannan ba su da haruffan Hausa, sai kwamfuta ta sa ɗan akwati a gurbinsu ko ta aro harafin daga wani salo ya fito kamar baƙo a cikin dangi. Yaron da ya ga haka sai ya goge ya sa k ko d ko b kawai. Times New Roman da Arial na kwamfutocin yanzu suna ɗauke da haruffan duka, manya da ƙanana, don haka babu uzuri. Ta biyu, ɗaya daga cikin kwamfutocin tana amfani da tsohon salon Rabi'at, wanda ke ɗora haruffan Hausa a kan wasu alamomin allon rubutu. Muddin fayil ɗin yana wannan kwamfutar lafiya lau, da zarar an buɗe shi a wadda ba ta da salon sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓata ta koma ~ata. Wannan yana faruwa ne daidai lokacin da aka kai aiki babbar maɗaba'a. Maganinsa a mayar da rubutun zane kafin a fitar da fayil daga CorelDraw, ko a tura shi a PDF wanda ya haɗiye haruffansa. Yaran sun san yadda ake yi, sai dai ba sa yi sai an ce.

Wani zai ce lanƙwasa ai ƙaramin abu ne, mai karatu zai gane. Sau da yawa zai gane, amma ba kullum ba. "Ƙarin bayani" idan ya rasa lanƙwasa ya zama "Karin bayani", kari kuwa a Hausa wani abu ne daban, shi ne na karin magana da karin harshe. Ta'aliƙi da ƙ ake rubuta ta domin harafin ƙaf na Larabci ƙ yake zama a yawancin kalmomin aro, kamar alƙali da haƙƙi. Kalma da kalamai daga tushe mai kaf suke, alƙalami daga tushe mai ƙaf, ba dangin juna ba ne ko da yake kunne na iya haɗa su. A kan 'y kuwa shagon yana bin ƙa'idar Nijeriya, 'ya'ya da 'yan makaranta, ba ƴ irin ta Nijar ba, sai dai kwamfuta takan juya alamar ta fuskanci baya a farkon kalma. A duba wannan ma a kwafin gwaji.

Sauran kura-kuran na gaggawa ne. Akan samu "a kan" da "akan" sun cakuɗe, alhali ta farko wuri take nunawa, kamar tsokaci a kan rahoto, ta biyu kuma sabo, kamar akan yi addu'a kafin a fara. Akan samu "Maganan shugaba" maimakon "Maganar shugaba", wanda Hausar titin Jos ce ta biyo yatsun mai bugawa. A baki ba wanda zai tanka, amma a takardar da za a miƙa wa baƙo daga Kano ko Zariya gara a bi daidaitacciyar Hausa: magana da kalma da sanarwa mata ne, suna ɗaukar r, jawabi da sharhi da tsokaci da bayani maza ne, suna ɗaukar n.

Yanayin garin ma yana shiga aikin. Da hunturu takarda takan bushe ta manne da juna, firinta ta ja biyu a lokaci ɗaya, sai a samu kwafi mai farin shafi a tsakiya. Da damina kati yakan sha danshi ya lanƙwashe, tawadar babban inji kuma ta yi jinkirin bushewa ta shafi bayan fallen da ke samanta. Shagon ba ya ƙirga kwafi a gaban mai aiki sai ya nema, ba ya kuma ƙara 'yan kwafi na rara. Wanda ke bukatar 300 ya nemi 320, ya kuma zare goma daga wurare daban-daban na ƙunshin ya buɗe su kafin ya biya cikon kuɗi.

Ga tsarin taro, katin sakamako da fom, shagon ya fi yawancin maƙwabtansa nesa ba kusa ba, kuma saboda mutum ɗaya ne. Ga doguwar takarda sai da sharaɗin cewa malamin ne zai yi ta tun daga layin farko, ko da kuɗin zai ƙaru. Mai kai aiki ya tafi da sunaye da sarautu a rubuce da hannunsa, domin ba sa gyara su ba sa kuma tambaya a kansu, ya nemi kwafin gwaji a takarda ba hoton fuskar kwamfuta ba, ya sa hannu da kwanan wata a kan wanda ya amince da shi ya riƙe hotonsa a waya. Malamin yana zama daga ƙarfe tara zuwa azahar, ranar Juma'a kuwa ba ya dawowa bayan masallaci. Aikin taron Asabar ya kamata ya isa teburinsa tun ranar Talata.